Haihuwar Barira a Kan Dutsen Teku

Ku matso kusa, ku yi shiru. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Labari zan ba ku, in na gama kuma akwai shari'a a gabanku, ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa ya kawo dalili.

An yi wata tsohuwa ana ce da ita Tabawa, mutuniyar arewa. Garinsu yana bakin wani kogi, irin wanda yake cika da damina, da rani kuma ya koma yashi zalla har yara su yi ta tsere a cikinsa. Tabawa ba ta iya zama ba. In an shimfiɗa mata tabarma, kafin a kawo mata ruwa ta miƙe tana leƙa tukunyar wani. 'Ya'yanta huɗu ne: Kuluwa ce babba, sai Hansatu, sai namiji guda ɗaya, Sallau, sai auta Saude.

Sallau ya yi kudu neman abinci, har ya dangana da wani ƙauye a bakin teku, inda mota take ƙarewa a ƙarasa da ƙafa. Can yake sayen bandar kifi yana aikawa gida. Da zama ya yi zama sai ya ɗauko matarsa Barira da ɗansu ƙarami. Watanta shida a garin, cikinta na biyu ya tsufa, ga shi ba ta da kowa a can. Tabawa ta ce ba za a yi wa jikanta wankan fari a hannun baƙi ba. Ta tattara 'ya'yanta mata uku, Kuluwa ta riƙo yaranta biyu, suka yi kwana biyu a hanya.

Suka zo, suka zauna jiran haihuwa, haihuwa ta ƙi zuwa. Kwana goma Tabawa tana zagaye tsakar gidan da bai fi taku bakwai ba. Ta share inda aka share, ta wanke abin da aka wanke. Wayar ma da za ta kira gida ta yi faɗa ta huce, ba ta kamawa sai an hau tudu. Ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garin ta duba Barira, ta ce lafiya lau, amma ta riƙa tafiya da ƙafa, ciki zai sauka.

To, garin yana da wata hanya da take zagaye tudun da ya shiga cikin teku. Hanya ce mai sauƙi, ta jar ƙasa, bishiyoyin kwakwa sun yi mata inuwa, ga wuraren hutawa, yaro ɗan shekara uku ma yana bin ta. Garin kuma yana da al'ada: ranar Talata ba a sa kwalekwale a teku, ko na wane ne. Masunta sukan zauna a inuwa su yi ta gyaran taru. Da yake ba kifi a ranar, ita ce ranar da Sallau yake tafiya kasuwar cikin ƙasa. Da Talata ta zo, yana sa takalmi ya ce, "Inna, in za ku fita, ku bi ta kan tudu ku zagayo. Kada ku sauka ƙasa." Bai faɗi dalili ba. Haka maza suke, su yanka doka su fice.

Suka fita da hantsi, mata biyar da yara uku, da ƙwaryar fura da dambu a kwano da gyaɗa a leda. Yara suna gaba suna tsintar kwakwar da ta faɗo. Saude tana bayan Barira tana tsokanarta, irin wasan ƙanwar miji.

"Matarmu, ɗaga ƙafa mana. Ko buhun gero kika haɗiya?"

"Naki yana tafe, Saude. Ranar zan zauna in yi ta kallo."

Tabawa tana can gaba ta bar su, ta dawo ta ce sun cika nawa, ta sake wucewa.

Da suka kai hancin tudun, inda gari ya ɓace a bayansu, sai Tabawa ta tsaya cak. Can ƙasa ga wani ɗan tsibiri, da 'yan bishiyoyi a gindinsa da baƙin dutse a tsakiyarsa. Daga gaɓa zuwa tsibirin kuwa hanya ce ta yashi, fari fat, mai faɗi, a bushe. Sai ta ga kamar kogin garinsu ne da rani aka ɗauko aka shimfiɗa mata. Ƙafarta ta fara ƙaiƙayi.

Barira ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, maigidan ya ce kada mu sauka." Ita ta taɓa jin matan gari suna cewa ruwan nan yana tafiya yana dawowa, amma ba ta taɓa gani da idonta ba, don ba fita take yi ba. Kuma wa ya ga suruka tana jayayya da uwar miji?

Tabawa ta ɗaga kai ta dubi gabas. Sama tas, ko ɗigon girgije babu. Ta ce, "Ni na haife shi ko shi ya haife ni? Shekara sittin ina ƙetare kogi. Ruwa ba ya zuwa sai hadari ya kawo shi. Ku nuna mini hadarin."

Ba wadda ta iya nuna mata, don dukansu abin da suka sani ke nan. Suka gangara.

Tafiyar rabin sa'a ce da mai ciki. Suka isa, suka shimfiɗa zane a gindin bishiya, aka dama fura. Yara suna bin ƙaguwa suna ihu. Tabawa ta kurɓa sau biyu ta miƙe, ta tafi tsintar ƙananan katantanwa wai za ta kai tsaraba. Ba wadda ta lura cewa Barira ba ta taɓa abincin ba, tana ta damƙar yashi tana saki. Tun da asuba naƙuda ta taɓa ta, ta ɓoye, don kunya.

Tabawa tana sunkuye sai ta ji sanyi a idon sawunta. Ta duba, ruwa ne. Ta juya, sai ta ga hanyar yashin nan ta tsuke, ruwa yana cin ta daga dama yana cin ta daga hagu, a tsakiya ma har ya haɗe. Ta sake duban sama. Rana tana nan tsaye, ba hadari, ba iska. A daidai nan Barira ta kasa daurewa, ta yi nishi mai ƙarfi, faya ta fashe.

Tabawa ta zo a guje tana ba da umarni. A gida in kogi ya taso kana tsakiya, gudu ake yi a riga shi. Ta ce kowa ta tattare zane, a goya yara, a kama Barira ta nan da ta nan, a ƙetare tun ruwan bai wuce ƙwauri ba.

To, ga abin da Kuluwa ta yi. Kuluwa mace ce mai shiru, mai kallon abu sau biyu. Tun suna shan fura idonta yake kan dutsen nan, don ta ga gansakuka jiƙaƙƙiya a manne a jikinsa, sama da tsayin mutum, ta rasa abin da ya kai ta can. Yanzu ta gane. Ta kuma auna tafiyar da suka yi da mai ciki tana lafiya, balle yanzu da take durƙushe. Sai ta sha gaban uwarta, ta ware hannuwa. Kuluwa da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Tabawa ba tun tana yarinya.

"Inna, ba mai taka ruwan nan."

"Ke! Ni kike tarewa?"

"Ke nake tarewa. Ki tsine mini in mun koma gida. Wannan ba koginmu ba ne. Dubi inda yake kaiwa."

Ba ta jira amsa ba. Ta durƙusa ta ɗauki Barira a baya, mace da cikin wata tara, ta fara hawan dutsen. Takalminta ruwa ya riga ya tafi da shi, dutsen kuwa duk ɓawon kifin teku ne mai kaifi kamar reza. Ta hau ta ajiye ta a wani ɗan fili can ƙololuwa wanda bai fi tabarma biyu ba. Ta sauko ta ɗauki yara, ta sake saukowa ta jawo uwarta da hannu. Duk inda ta taka sai ta bar jini. Kafin ta gama hawa na ƙarshe, gindin bishiyar da suka sha fura ya zama ruwa, ƙwaryar tana yawo a kai. Hanyar da Tabawa ta so su bi kuwa, ruwa yana gudu a kanta kamar an ɓalle madatsa.

Ga kuma abin da Hansatu ta yi. Hansatu doguwa ce, mai zafin nama, ita ta ɗauko rashin zaman uwarta. Tun Kuluwa tana hawan farko ta biyo ta, ta shafa filin da aka kwantar da Barira, ta ji shi da danshi, ta lasa yatsa ta ji gishiri. Ta ce, "Yaya, nan ma yana zuwa." Kuluwa ta ce ta zauna, ba a yi mata izini ba. Hansatu ta ce, "In mun zauna duka, wa ya san muna nan?" Ta tuɓe mayafi ta ɗaure ƙugu da shi, ta dira. Ba ta iya iyo ba, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Tabawa tana tsaye a kan dutse tana kallon 'yarta, ruwa a gwiwa, ruwa a ƙugu, ruwa a ƙirji. Sau biyu kan ya nutse, sau biyu ya ɓullo can gefe da inda ya nutse. Tabawa ta kira sunanta har muryarta ta dushe. Can sai suka ga wani abu ya rarrafa ya fita gaɓa, ya kwanta, ya miƙe, ya kama hawan tudu da gudu.

Abin da ya faru a gari, daga baya Tabawa ta ji shi. Hansatu ta iske masunta a inuwa suna gyaran taru. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata. Ta yi ihu, suka dube ta. Ta nuna teku, suka girgiza kai, suka nuna mata da yatsu cewa yau Talata. Sai ta kwance mayafin ta dunƙule ta cusa a cikin riga, ta durƙusa a gabansu tana nishin naƙuda, matar aure da 'ya'ya huɗu, a gaban maza baƙi, ta ɗaga yatsu uku ta nuna tsayin yara, ta nuna wajen tsibiri. Suka fara gardama a junansu, wasu sun miƙe, wasu suna riƙe su. Hansatu ba ta tsaya jin ƙarshen gardamar ba. Ta kama igiyar wani kwalekwale, wanda ƙarti shida suke turawa, ta saɓa a kafaɗa ta fara ja ita kaɗai, igiya tana yanka ta, tana faɗuwa tana tashi. Wani tsoho mai furfura ya dube ta, ya tofar da abin da yake taunawa, ya faɗi kalma ɗaya. Sai ƙarti suka zubar da taru.

Ga kuma abin da Saude ta yi. Saude auta ce, ba ta yi aure ba tukuna, a gida ma ba a ɗauke ta a bakin komai ba sai surutu. Amma shekara uku tana riƙe wa ungozomar unguwarsu kaya, abin da Tabawa ta sha yi mata faɗa a kai, wai budurwa ba ta da abin nema a ɗakin haihuwa. Cikin matan da ke kan dutsen nan, Kuluwa ta haifi shida, Tabawa ta haifi tara, huɗu suka rayu, amma duk haihuwa suka yi, ba su taɓa karɓa ba. Saude ta ce wa uwarta, "Inna, riƙe yaran nan, ki juyar da su kada su gani." Ta ce wa yayarta, "Yaya, zauna ta jingina da ke." Suka yi abin da ta ce.

Filin taku uku ne, Tabawa ta yi ta auna shi, ta je ta dawo, ta je ta dawo, yara suna maƙale da zanenta, bakinta yana salati, idonta yana kan ruwa. Igiyar ruwa ta fara dukan dutsen tana watso musu. Kowace ta zo sai ta fi ta baya tsawo.

Kai ya fito, cibiya ta naɗe wuya zagaye biyu. Saude ta zura yatsa ta zare a hankali. Yarinya ta faɗo, mace, jikinta ya yi toka-toka, ba motsi, ba kuka. Kuluwa ta fara innalillahi. Saude ta ce, "Yi mini shiru, Yaya." Ta sa baki ta tsotse hancin da bakin ta tofar, ta kifa ta a hannu tana murza bayanta da ɗankwali, ta juyo ta ta hura mata numfashi kaɗan-kaɗan, ta sake murzawa. Barira tana tambaya da muryar da ba ta fita, "Me na haifa? Don me bai yi kuka ba?" Saude ta ce, "Matarmu, kishiyar surutuna kika haifa, tana tara baki ne." Sai da Tabawa ta fid da rai, sannan suka ji wani ɗan atishawa, sai kuka. Saude ta yage bakin zanenta ta ɗaure cibiya wuri biyu, ta yanke da rezar yankan farce da take ƙulle a haɓar zanen Kuluwa. Ta ɗora yarinyar a ƙirjin uwar ta lulluɓe su. Mabiyiya ta fito, amma jini ya ƙi tsayawa. Saude ta dafa marar Barira tana murzawa da duk ƙarfinta, ba ta ɗaga hannu ba ko da igiyar ruwa ta fara hawowa filin tana jiƙa musu gwiwa.

A haka kwalekwalen ya ɓullo ta bayan tudu, Hansatu tana tsugune a gabansa tana nuna musu hanya kamar ba su suka san tekun ba. Aka sauko da su ɗaya bayan ɗaya, Tabawa ce ta ƙarshe. Ba su yi nisa ba ta waiwaya, ta ga ruwa yana wanke filin da suka bari. Tsohon mai furfura ya nuna sama ya zana da'ira da yatsa: tsakiyar wata ne, ranar da ruwa yake cika fiye da kullum. A asibiti ma'aikaciyar ta yi wa Barira allura ta sa mata ruwa, ta ce da an ƙara rabin sa'a da ba ita ba.

Sallau ya dawo da la'asar ya iske 'ya. Ya ji labari daga farko har ƙarshe, bai ce wa uwarsa uffan ba, abin da ya fi mata zafi ke nan. Ya je ya yi wa masunta godiya ya kai musu goro. Ya yi wa yarinya kiran salla a kunne, amma ya ce suna sai an yi shawara. Lalle takwara za a yi wa ɗaya daga cikin 'yan'uwansa, wannan ba gardama. Ya ce, "Inna, ke kika ga komai da idonki. Ke za ki zaɓa."

Wata maƙwabciya ta ce a sa Tabawa mana a huta. Tsohuwar ta harare ta. Ta ce, "Ni da na kai su? Kada in sake ji." Aka ce a haɗa sunayen uku. Limamin 'yan arewa da ke garin ya ce rago ɗaya, suna ɗaya.

Su ukun ba wadda ta buɗe baki ta roƙa. Kuluwa tana zaune da ƙafafu a naɗe da tsumma tana tsince shinkafar suna. Hansatu tana daka da hannu ɗaya, don kafaɗar ta ƙi ɗaguwa. Saude tana wankan jaririya safe da yamma. Amma kowace in Tabawa ta gitta sai ta ɗago ido.

Tabawa kuwa ta koma zagayen tsakar gida. In ta ce Kuluwa, sai ta tuna cewa dutsen da ta hau da su ma ruwa ya cinye shi, kuma ita ce ta ce wa Hansatu ta zauna. Amma ba don ita ba da a hanyar yashi za a tsinci gawarsu, ba a ma kai ga haihuwa ba. In ta ce Hansatu, sai ta tuna cewa gawar jaririya kwalekwalen zai tarar da ba a hura mata numfashi ba. Amma ita kaɗai ce ta sa ranta a bakin mutuwa, ta kuma ajiye kunyarta a gaban maza. In ta ce Saude, sai ta tuna cewa wata ce ta ba ta wurin da ta durƙusa, wata kuma ta fitar da ita daga wurin. Amma yarinyar da ake neman wa suna ta zo duniya ba rai, a hannunta ta yi numfashin farko.

Yau kwana shida. An sayo rago yana ɗaure a bakin ƙofa, an raba goro, gobe da sassafe liman zai zo ya tambayi Sallau, Sallau kuma zai juyo ya dubi uwarsa.

Ni na gama nawa, saura naku, kuma ban yarda wani ya ce mini duk ɗaya ne ba. Kuluwa, ko Hansatu, ko Saude: wace ce a cikinsu ta fi cancanta a raɗa wa yarinyar nan sunanta?